Fiyanon da bai san piano ba: kundin koyona

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Yau dai na fara koyon karanta rubutun kiɗa, bayan shekara da shekaru ina cewa sai an yi babban hutu. Shekara 23 ke nan ina tsayar da yara gaban tuta da safe ina ɗaukar musu murya, kuma duk waƙar da na taɓa koya musu da kunne na same ta, yadda namu mushen ya ba mu. A kabad ɗin dirakta akwai wani tsohon littafin waƙoƙi da gara ta ci gefensa. Faransancin da ke ciki ina karantawa, amma ɗige-ɗigen da ke samansa, da ƴan guntayen kalmomin nan irin su mf da rit. da D.C., a wurina da su da kashin ƙuda duk ɗaya. Shekarata 49, kuma na gaji da rufe littafin da sauri duk lokacin da yaro ya leƙo.

Wanda zai koya mini tsohon soja ne, ya ƙare aikinsa cikin ƴan fanfar, waɗanda iyayenmu ke ce wa badujala. Turumpet ya busa. Kowa a layinsu, can unguwar Zariya, Baba Ajidan yake ce masa. Mun shirya a kan jaka ɗaya duk Asabar bayan la'asar. Kabu-kabu zuwa da dawowa dala 100.

Bai bar ni na taɓa komai ba. Da sandarsa ya ja layi biyar a ƙasa, ya zana makullin sol, wato alamar da ake sawa a farkon layukan, ya naɗe shi a layi na biyu daga ƙasa, ya ce wannan layin shi ne sol, sauran kuma daga shi ake ƙirgawa. Kan layuka: mi, sol, si, re, fa. Tsakankaninsu: fa, la, do, mi. Ashe do-re-mi ɗin ma tsoho ne tukuf. Wani malamin coci ɗan Italiya, Gido na garin Arezo, shi ya tsara shi a ƙarni na 11, kuma a lokacin ut ake cewa a madadin do. Da zan tafi ya ce, "Mushe, kai ka saba ba ɗiyan mutane aikin gida. To ga naka."

Asabar, 9 ga Nuwamba

Tsawon sauti, da tafi kawai. Sunayen Faransanci ne, rondi da bulanshi da nuwar da kurosh, amma Baba Ajidan na da nasa: ƙwai (bugu huɗu), ludayi wofi (biyu), ludayi cike (ɗaya), mai ƙugiya (rabi). Nasa na riƙe. Hutu ma da alamarsa, kuma ƙirga shi ake yi. Nan nake faɗuwa: da na ga hutu sai in huta da gaske, har lissafin ya ɓace. Fotokofi shafi 40, jaka ɗaya.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Na sayi fiyano. Bayan an sauko daga masallaci na bi ta babbar kasuwa wurin masu tsofaffin kayan wuta. Maɓalli 61, farare da baƙaƙe, da kiɗan ganga iri-iri a ciki. Mai shi ya fara da jaka 50, muka tsaya a 35. Ba shi da abin jona wuta, wannan kuma jaka biyu da rabi. Na danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi kuka, na biya.

Uwargida ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malam, yanzu dai biki za mu fara zuwa ana yi mana liƙi?" Wani abokin aikina kuma da ya ji labari ya yi mini nasiha mai tsawo. Na saurara, na gode masa. Na dai sayi abin sawa a kunne, jaka ɗaya, don kada in shiga haƙƙin maƙwabta.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau na sha kunya. Na rungumo fiyanon a bayan kabu-kabu kamar ɗan rago don Baba Ajidan ya sa masa albarka. Darasin kuwa ya faɗo a kan ƙarfin sauti. Ya jera mini su daga ƙasa zuwa sama: pp, p, mp, mf, f, ff. Harafin p shi ne piano, wato a yi ƙasa-ƙasa, f kuma forte, da ƙarfi. Shi m ɗin mezzo ne, rabi, don haka mf ƙarfi ne tsaka-tsaki. In an ninka harafi, an ƙara abin: pp kamar raɗa, ff kamar mai kiran wani a ƙetaren gulbi. Sai wata doguwar alama mai kama da bakin kada. In ta fara a tsuke ta buɗe, crescendo ke nan, kirishendo ake faɗi, sauti na ƙaruwa sannu-sannu. In ta fara a buɗe ta tsuke, diminuendo.

Ya ce in buga do sau huɗu, biyu piano biyu forte. Na farkon na shafa maɓallin kamar mai taɓa kumatun jariri, na ƙarshen na dake shi kamar mai sussuka. Duka huɗun sauti ɗaya suka ba da. Ya ce in sake. Na sake. Ya karɓa ya gwada da nasa yatsan, ya duba rubutun da ke jikin madannan sama, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Mushe, nawa ka saye shi?" Na faɗa. Ya ce, "Allah shi maida alheri. Wanga kurma ne, ba ya jin hannu."

Ashe fiyanon wuta iri biyu ne. Akwai mai auna saurin da maɓalli ya sauka da shi, ya ba da ƙarfin sauti daidai da haka. Akwai kuma irin nawa, da maɓallinsa yake kamar makunnin fitila: ko a kunne ko a kashe. Ni da na tsaya a kasuwa ina gwada ko kowanne na kuka, ban san akwai wata tambaya bayan wannan ba.

Abin da ya ƙara mini haushi shi ne tarihin sunan. Kafin fiyano, Turawa na da wani abin kiɗa mai maɓallai da ke tsinkar tsarkiya, ko yaya ka danna ƙarfinsa kusan ɗaya. Wajen shekarar 1700 wani magini kayan kiɗa a birnin Filorens na Italiya, Bartolomeyo Kiristofori, ya sa ƙananan guduma da ke dukan tsarkiyar, sai ya zama yatsa na iya sassautawa, yana iya ƙarfafawa. Aka riƙa kiransa mai yin piano da forte, har sunan ya gajarce ya iso bakinmu a fiyano. Wato na biya jaka 35 na sayi ciwon da aka yi wa magani shekara 300 da suka wuce.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Na koma wurin mai kayan. Ya ce ai na ji kukansa kafin in biya, kuma gaskiyarsa. Na dawo da abina. Baba Ajidan ya ce kafin Allah ya hore wani, in riƙa yin p da f da muryata, yatsu kuma su koyi hanya.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Hannun dama, do zuwa sol, yatsa biyar. Ɗan ƙaramin yatsana ya ƙi sauka shi kaɗai, sai ya jawo na kusa da shi.

Asabar, 7 ga Disamba

Kalmomin sauri, waɗanda ake rubutawa a saman waƙa daga hagu. Duk Italiyanci ne, domin a zamanin da al'adar rubuta su ta kafu, mawaƙan Italiya ne ke jan gaba a Turai, sauran suka ara suka riƙe. Na lura ba lambobi ba ne, siffar tafiya ce. Largo asalinsa mai faɗi, adagio cikin natsuwa, andante mai tafiya, moderato tsaka-tsaki, allegro mai fara'a, presto da gaggawa. Baba Ajidan ya fassara mini su da ƙafa a tsakar gidansa. Largo tafiyar raƙumi da kaya. Andante dattijo za shi masallaci, an yi kira amma ba a ta da salla ba. Allegro an ta da. Presto liman ya yi ruku'u.

Ya fito da metironom ɗinsa na katako, mai sanda tana lilo tana ƙas-ƙas. Wani Bajamushe, Melzel, ya yi rajistar irinsa a 1815. A jikinsa an jera lambobi daga 40 zuwa 208, adadin bugu ke nan a minti ɗaya. In ka sa 60, daidai yake da daƙiƙar agogo. Andante na zaune wajen 76 zuwa 108, allegro daga 120 zuwa sama. Ya ce su a fanfar macinsu 120 ne, kuma har gobe in ya tashi zuwa sayen goro da wannan saurin ƙafarsa ke tafiya. Na sauke irinsa a waya, kyauta.

Da na kunna shi a gida sai na rantse na'urar ce ke ja da baya a wurare masu sauƙi, tana gudu a masu wuya. Uwargida da ke tsintar shinkafa ta ce ita dai ƙas-ƙas ɗin bai canza ba.

Asabar, 14 ga Disamba

Sati guda na ɓata a kan ɗigo. Ɗigon da ke gefen nota (alamar sauti a kan layi), a damarta, ƙara mata rabin tsawonta yake yi: ludayi wofi mai ɗigo bugu uku ne. Ɗigon da ke samanta ko ƙasanta kuwa staccato ne, a taɓa a ɗauke, kamar kaza na tsattsagar gero. Ni na haɗa su, duk inda aka ce in gajarta sai na tsawaita. Kwana shida ina maimaita kuskure har ya zauna a hannu, yanzu cire shi ya fi koyon daidai wuya.

Haka lanƙwasasshen layi. In ya haɗa nota biyu iri ɗaya, sau ɗaya za ka danna ka riƙe tsawon duka biyun. In ya rufe notoci daban-daban, legato ne, a bi da su ba yankewa, kamar zubin mai daga kwalba. Na tambayi Baba Ajidan me ya hana su ƙirƙiro alamu daban. Ya ce in na je can in tambaye su.

Asabar, 21 ga Disamba

Diyez da bemol: na farko na ɗaga nota rabin taki, na biyu na sauke ta. An shiga kwanje, hutun makaranta.

Alhamis, 26 ga Disamba

Ba darasi wannan satin, Baba Ajidan ya tafi Tibiri suna. Da yamma muna kallon kokowar takobi a tele a ƙofar gida, tare da maƙwabcina mai kalangu, wanda ke yi wa mahauta kiɗa tun ina yaro. Ina jin yadda makaɗan fili ke ƙara sauri in ƴan kokowa sun sarƙe, sai na ce a fili, "Accelerando." Ya ce me na ce? Na bayyana masa, na ƙara da ritardando, wato a riƙa rage sauri, da a tempo, a koma saurin farko. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam, jaka ɗaya kake biya a gaya maka a ƙara wuta da a sassauta? Da ka ba ni dala 20."

Ya shiga gida ya ɗauko kalangun. Ya ce in faɗi duk kalmar da na koya, shi kuma zai yi. Na ce crescendo na fassara, ya taso da shi tun daga ƙasa kamar hadari na haɗowa daga gabas. Na ce staccato, ya yi. Na ce piano, ya kwantar da makaɗin har sai da na matso. Babu wadda ta gagare shi. Sannan ya ce saura nasa: ya buga sau ɗaya ya matse tsarkiyar a hammata, sautin ya zame ya hau ba tare da ya taka matakala ba. "To yi wannan a naka." A fiyano tsakanin do da do diyez babu komai, bango ne. Shi kuwa a nan tsakanin yake magana, a nan yake kiran sunan mutum.

Na tambaye shi wa ke gaya masa lokacin ƙara wuta tunda ba takarda. Ya ce ƙafar mai rawa da hannun mai kyauta. Na kwana ina tunanin cewa shi mai rubuta allegro a saman shafi ba ya wurin ne, ya mutu ko yana wata ƙasa, shi ya sa ya bar sallahu.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Ɗan yayata ya zo daga Katsina ta Jibiya, yana taɓa fiyano a wani situdiyo. Mun kusa faɗa. Shi C, D, E ya sani, waɗanda ke fitowa a gilashin fiyanona, kuma wannan mai sauƙi ne: C do, D re, har B si. Rikicin shi ne a wurinsa do ba ta da mazauni. Duk maɓallin da waƙa ta zauna a kai shi ne do, kuma ti yake cewa ba si ba. A wurina do maɓalli ɗaya ne tak, farin da ke hagun baƙaƙe biyu. Na kai ƙara wurin Baba Ajidan, ya ce duka daidai ne: su tsarin Ingila suka gada, mu na Faransa. Har a do-re-mi ma iyakar na nan.

Yaron ya nuna mini abu mai amfani. In na tsaya a baƙaƙen maɓallai kawai, guda biyar ɗin nan, karin waƙoƙinmu na gida da yawa na fitowa da kansu. Na sami waƙar daɓe da mahaifiyata ke yi cikin minti goma. Ban faɗa wa Baba Ajidan ba, don ya hana ni bin kunne sai ido ya ƙware.

Asabar, 11 ga Janairu

Hunturu ya ci maɓalli uku: mi da fa na tsakiya da la na sama. Mai gyaran rediyo ya buɗe, ƙura ce ta kwanta a kan robar da ke ƙarƙashin maɓallan. Ya goge, jaka uku. Uwargida ta ba ni tsohon zane na rufewa. Wuta ma ana yawan ɗaukewa da dare, ranar da babu sai in yi tafi a tabarma da metironom ɗin waya.

Asabar, 18 ga Janairu

Mura. Ban je ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Alamomin hanya. Layi biyu a tsaye da ɗigo biyu: koma ka maimaita. In akwai akwati mai 1 da mai 2, zagayen farko ka shiga 1, na biyu ka tsallake shi ka faɗa 2. D.C., wato da capo, koma can kai. D.C. al Fine, koma kai ka tsaya inda aka rubuta Fine, ko da a tsakiyar shafi yake. D.S. kuma komawa ce zuwa wata alama mai kama da S da aka soke. Sai fermata, rabin da'ira da ɗigo a ciki kamar ido da gira: riƙe sautin fiye da ƙa'idarsa, sai jagora ya sauke hannu.

Waƙar gwajin layi huɗu ce kacal, amma na shiga na kasa fita. Duk sanda na iso D.C. sai in koma kai, in wuce Fine ban gan shi ba, in sake isowa D.C. Zagaye na huɗu Baba Ajidan ya dafa mini kafaɗa ya ce, "Mushe, magariba ta yi." Da ya ce in ɗauke shi kamar gindin waƙa da ɗiyanta, a yi ɗa a koma gindi, a gindin kuma ake sauka, sai abin ya zauna.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ya ɗauko turumpet mu yi tare daga takarda ɗaya. Abin ya fito kamar jakuna biyu. Na ɗauka ni ne, ashe gwada ni yake: turumpet ɗinsa na si bemol ne, in ya busa do ɗin takarda, si bemol ke fita, taki guda ƙasa da nawa. Sai da ya ɗaga nasa da taki ɗaya muka haɗu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ƙananan kalmomin da ke raka manya: molto sosai, poco a poco kaɗan-kaɗan, ma non troppo amma kada a zarce, dolce da taushi, cantabile kamar ana rerawa. Hannun hagu ya fara, da nasa makullin, makullin fa, na sautukan ƙasa. Kaina ya yi zafi.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na ɗauko littafin nan na kabad na shiga da shi ajina. Waƙar da na fi shekara 20 ina koyarwa, yau na ga an rubuta Andante a samanta, mu kuwa gudu muke da ita kamar an biyo mu. Baiti na biyu p ne, mu ihu muke. Akwai fermata a nota ta kusa da ƙarshe da ban taɓa riƙewa ba.

Na zana bakin kada a allo, na rubuta p da f. Yara sun kama nan take, sun fi ni sauri nesa ba kusa ba. Amma da na ce piano sai suka rage sauri, da na ce forte sai suka ruga. Na tsayar da su ina shirin faɗa, sai na tuna Asabar uku Baba Ajidan na buga mini sanda a ƙasa kan wannan laifin, yana cewa ƙasa-ƙasa daban, sannu-sannu daban. Hausarmu ma da hannunta a ciki: "a hankali" na ɗaukar duka biyun. Na daina faɗin ta. Na kunna metironom a 88 na ɗora wayar a tebur, na ce murya ta sauka, ƙafa kada ta canza. A gwaji na biyar suka samu. A fermata kuwa wata yarinya a layin baya ta riƙe har bayan kowa ya yi shiru, aji ya fashe da dariya, ta ce ai Mushe bai sauke hannu ba. Kuma ban sauke ba, na manta da shi a sama.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Darasi na 15, kuma na ƙarshe kafin azumi. Lissafi zuwa yau: darussa jaka 15, kabu-kabu 7 da rabi, fiyano 35, abin wuta 2 da rabi, gyara 3, fotokofi 1, abin kunne 1. Jimla jaka 65. Uwargida ta ce buhun gero nawa ke nan, na ce ban iya wannan lissafin ba.

Makullin sol ina karanta shi ba tare da ƙirga layi ba, in dai ba a wuce andante ba. Makullin fa har yanzu da yatsa nake bi. Hannu biyu tare, layi biyu kawai nake kaiwa kafin su rabu.

Cikin azumi ba zan kunna fiyano ba. Baba Ajidan ya ba ni shafi 12 in riƙa karantawa da ido bayan sahur, ina faɗin sunayen notoci ina ƙirga hutu. Bayan salla za mu shiga awon 6/8, wanda ya ce a nan zan ji kiɗan maƙwabcina ya fito a takarda. Ɗan yayata ya ce zai karɓi kurman a jaka 25, tunda su a situdiyo kwamfuta ke daidaita musu ƙarfi. In na cika da 40 daga albashin Afrilu da Mayu zan nemi mai jin hannu. Ranar sayen Baba Ajidan zai raka ni, ya ce shi zai danna, ni in riƙe kuɗin a aljihu sai ya ɗaga kai.